Sawun Takalmi a Bayan Gidan Uinise

Ranar Laraba, da aka fito daga addu'ar asuba, Maka ya saɓa addarsa ya nufi gonar yayansa, marigayi Sitani, wadda shi ke nomawa tun bayan rasuwar. Ya tarar an haƙe doya. Ba duka ba. An bi layi biyu an zaɓe manyan, dogayen nan da ake kaiwa gaban manya ranar biki, an bar ƙananan. Kafin ya iso gari labarin ya riga shi, domin ya gamu da matarsa a hanya, ita kuwa matar Maka ba ta taɓa ɗauko magana daga bakin tankin ruwa ta kai ta gida ba tare da ta zubar da rabi a ƙofofin mutane ba.

Satar doya ba baƙuwa ba ce a garinmu Kolomaka. Abin da ya sa mata suka ajiye sandunan bugun ɓawon itacen da ake yin zane da shi suka miƙe wuya shi ne sawun. Takalmin ruwa ne na namiji, ƙato, an gan shi a gonar, an kuma gan shi a ƙofar baya ta gidan Uinise, matar marigayin, wadda watanta takwas ke nan cikin baƙaƙen kaya.

Dokar kuwa har yaran da ba su iya fyace majina ba sun san ta. Ƙasa ta maza ce, ba a rubuta wa mace ita a wasiyya. Idan miji ya mutu, matarsa za ta zauna a gidan, ta ci gonar, har ranar da za a ɗauke ta zuwa maƙabarta, amma da sharaɗi biyu: kada ta sake aure, kada kuma a tabbatar a gaban alƙali cewa wani namiji ya san ɗakinta. Ranar da ɗaya ya faru, sai ta naɗe tabarminta. Sitani bai bar ɗa namiji ba. 'Yarsa ɗaya ce, Lupe, tana aure a Auckland, can ƙasar waje, mai aure kuwa ba ta da rabo. Bayan Uinise, gida da gona na Maka ne.

Shi ya sa babu wanda ya ƙara tambayar ina doyar ta shiga. Kowa ƙafar yake son sani.

*

Mai gari ya aika a kira Hingano. Duk aladen da ya ɓace a garin nan, ko dokin da ya tsinke igiya, ko mijin da ya ce zai je zauren shan kava, jiƙon saiwar nan da maza ke hira a kansa, aka hange shi wani wurin, Hingano ake nema. Tsoho ne siriri kamar sandar dagi, kansa kullum a sunkuye, har baƙi su zaci ladabi ne, alhali ƙasa yake karantawa. Shekara arba'in suka yi suna zama tabarma ɗaya da Sitani.

Mai gari ya gaya masa cewa Maka ya rantse ranar Litinin zai shiga mota zuwa Nuku'alofa, babban birni, ya kai ƙara kotun ƙasa. Da ƙyar ya roƙe shi ya bari a taru a farfajiyarsa ranar Juma'a da yamma, a ji abin da Hingano ya gano. Ya ce ko wane ne, lokacin addu'ar asuba ya yi aikinsa, sa'ad da gari duk yana coci, don haka a fara da mazan da ba a gani a kan benci ba.

"To ka fara da ni," in ji Hingano. "Rabona da addu'ar asuba tun ina da haƙora."

"Kai ko mace aka ba ka kyauta, sawunta za ka tsaya dubawa. Tashi ka tafi."

A gona Maka ya tsaya masa a ka yana huci, tabarmar makoki ɗaure a ƙugunsa kamar yadda ake yi a nan in an yi rashi. Hingano ya tsuguna. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne ɓarawon ya mayar da ƙasa cikin kowane rami ya daddanna. Babu guntun doya ko ɗaya da aka datse. An yi haƙon a hankali, kamar ana cire wa jariri ƙaya. Shi kuwa tun da yake bin ɓarayi bai taɓa ganin wanda ya tsaya gyara wa mai gona wuri ba.

Sai takalmin. Dunduniyar hagu ta cinye ta gefen waje, ga wani faci mai kusurwa uku a tsakiyar tafin. Hingano ya gane shi. Shi ya riƙe wa Sitani takalmin nan ranar da ya liƙa facin da robar taya.

Ya tambayi Maka inda takalman marigayin suka shiga bayan rabon kaya. Maka ya ce oho, wa ke bin ta kan tsohon takalmi. Sannan ya sake kallon sawun, ya ja da baya taku biyu. Kafin azahar an gama yaɗawa cewa Sitani ne da kansa ya taso ya cire doyarsa, har tsofaffi suna shawarar a je a duba ko saiwar itace ce ta shiga kabarin take damunsa. Da aka tambayi Hingano, sai ya ce shi ya ga an binne Sitani ba takalmi, kuma bai ji an ce ana sayarwa a can ba.

Abu ɗaya ne bai gaya wa kowa ba. A jikin wayar shinge, inda ake tsallakawa, ya tsinci zaren kaba guda uku, tsoho, wanda hayaƙi ya mayar ja. Zaren tabarmar makoki ne. Ya sa a aljihu, ya saci kallon ƙugun Maka.

*

Mutum na farko da bakin gari ya nuna shi ne Semisi masunci. Matarsa ta rasu shekara shida, ba a gan shi a coci ranar Laraba ba, kuma kowace Asabar ana ganin kifi rataye a ƙofar gidan Uinise, kifin da ba shi ya kawo kansa ba.

Hingano ya same shi a bakin teku yana ɗinkin koma. Bai tambaye shi komai ba, ya zauna yana kallon ƙafarsa, har Semisi ya tsargu ya tura ta cikin yashi.

"In ƙafata ka zo saye, ba ta sayarwa ba ce, mai hancin kare."

"Wannan ba ƙafa ba ce, filafilin tuƙa jirgi ne. Ko takalmin Sitani biyu aka haɗa ba za ta shiga ba."

Semisi bai yi dariya ba. Ya ce ranar Laraba yana kan ruwa tun kafin ƙararrawa, mutum uku sun gan shi. Kifin kuwa bai musa ba. Ya ce Sitani ya taɓa tsamo shi daga ruwa ranar da jirginsa ya kife, to mene ne kifi. Hingano ya ce lalle, mutum yakan yi wa matacce godiya da kifi mafi ƙiba a cikin kwando. Kunnuwan Semisi suka yi zafi. Ya ja zaren komar, ya ce:

"A ƙyaure nake ratayewa in juya, Hingano. Ban taɓa tsallakawa ba. Na san in na tsallaka, ita za ta rasa gida, ni ba abin da zan rasa. Kana tsammani ban san doka ba?"

Wannan Hingano ya riga ya sani. Ya sha ganin faffaɗan sawun nan ya zo ƙofar gaba, ya tsaya, ya yi ɗan dabur-dabur a wuri ɗaya kamar mai shawara da zuciyarsa, sannan ya koma inda ya fito. Amma ba wannan aka aike shi nema ba.

*

Daga nan ya nufi gidan Kalolaine, yayar Sitani da Maka. A dangin nan, kamar kowane dangi, maganar 'yar'uwa mace ita ce ta ƙarshe. Ita ta zauna a wajen kan gawar, ita ta zaɓi tabarmi mafi kyau, kuma Maka, da furfurarsa da 'ya'yansa maza biyar, ba ya zama a kujera in tana wurin. Hingano ya zauna a ƙasan baranda, ita tana sama tana fifita.

Ya tambayi takalmin. Ta ce ita ta raba kayan ƙaninta da hannunta, takalmin kuwa ta bar shi a bayan gida saboda wari, duk wanda ya wuce yana iya ɗauka. Ta ce ba ta taɓa ƙin Uinise ba, duk da cewa baƙuwa ce daga tsibiran Ha'apai kuma ba ta ba su namiji ba. Amma ba za ta zauna tana gani a mayar da gidan ubanta masauƙin wani ƙato ba.

"Ka nemo mini ƙafar," ta ce. "Sauran nawa ne."

A hanyar komawa Hingano yana ta juya zaren kabar cikin aljihu. Bayan wata takwas, mutum biyu ne kawai a garin ke ɗaura tsohuwar tabarmar makoki kullum. Ɗaya Maka ne. Wa zai ci riba idan aka ga sawun namiji a ƙofar Uinise? Maka. Wa ya san inda aka yar da takalmin? Maka. Abin ya zauna daidai, har ya ji ransa ya ɓaci, domin ya san Maka tun yana yawo ba wando.

Sai ga Maka ya ratsa ta gaban coci, inda ƙasa ke da laushi. Hingano ya jira ya wuce, ya je ya auna da tafin hannunsa. Takun Maka dogo ne, yana nitsewa kamar na sa. Takun mai takalmin gajere ne, kuma inda ya isa ƙofar Uinise da ƙyar ya taɓa ƙasa. Mutum yana iya rage takunsa don yaudara, amma bai taɓa ganin wanda ya ajiye nauyinsa a gida ya fito ba.

Saura mutum ɗaya ke nan, kuma bai so ya tuna da ita ba.

*

Ranar Alhamis da sassafe ya sake ɗaukar sawun. Mutanen gari sun ga farkonsa a gona, sun ga ƙarshensa a ƙofa, sun cike tsakiyar da bakinsu. Shi kuwa tsakiyar yake so. Hanyar bayan gari duwatsu ne da ciyawa, sai ya yi ta rarrafe yana neman inda aka take ganye ko aka juya tsakuwa.

Nan ya ga abin da ya kuɓuce masa jiya. Mai takalmin ya bar gona da kaya, domin sawun ya nitse. Amma bai nufi gari ba, gabas ya yi, ya kuma yi sawu fiye da ɗaya, zuwa da dawowa. Wanda ya koma gidan Uinise hannu wofi ya koma. Doyar ba ta taɓa shiga gidan ba.

Ya fara bin mara nauyin. Dab da gari sawun ya karkata, ya shiga maƙabarta, ya ratsa tsakanin tulin farin yashin kaburbura da kwalaben adonsu, ya tsaya a kabarin Sitani. A gefen tulin ga gurbin gwiwa biyu, ƙanana, a haɗe. A gabansu, inda aka duƙa, bakin tabarma ya bar zanen saƙarsa a jikin yashi, tsaf kamar an buga hatimi. Ga kuma tafin hannu ɗaya da aka dafa a wajen kan mamacin.

Hingano ya juya abin a ransa. Ɓarawo ba ya ratsewa ya gaida mai gona. Wanda ya fito daga ɗakin matar mutum kuwa ko da kuɗi ba zai biyo ta nan ba. Ya yi tunanin macen da ta yi dabarar sa takalmin mijinta saboda ƙaya, ta zaɓi lokacin da kowa ke coci, amma ta kasa fita ƙofa ba tare da ta ɗaura tabarmar makokinsa ba.

Sannan ya koma ya bi mai nauyin. Ya kai shi bayan tsohuwar gonar kwakwa, wani fili da kowa ya ɗauka daji ne. An share tsakiyarsa. Ga wata 'yar rumfa, doyar na kwance a ciki a jere, an lulluɓe ta da busasshen ganye, irin ajiyar da ake yi wa iri. Ƙasa kuwa an shimfiɗe ta da ganyen kwakwa da ya daɗe har ya fara ruɓewa. Hingano ya ɗaga ɗaya. Ya ɗaga na biyu. Ya bi layin har ƙarshe, sannan ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa.

*

Ya shiga gidan Uinise ta ƙofar gaba, da rana tsaka, don kowa ya gani. Tana zaune tana tsefe kaba. Mace ce ƙarama, mai magana a hankali, wadda ta yi shekara talatin da biyar a garin ba a taɓa jin muryarta daga titi ba. Ta kawo masa shayi da dafaffen rogo. Ya ciro zaren nan uku ya ajiye kusa da gefen tabarmarta, inda ta yage. Ta kalle su, ta ɓoye hannuwanta, amma ya riga ya ga kantar dagi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce shekara uku da suka wuce, ranar da likita ya gaya wa Sitani abin da ke cikinsa, suka dawo suka zauna a ɗakin nan har rana ta faɗi. Ya ce mata gidan nan aro ne, gonar ma aro ce, ranar da ya rufe ido za ta zama mai gadi, kowa na leƙen ƙofarta, Lupe kuwa ko inda za ta ajiye jaka ba za ta samu ba. Mace ba ta gadon ƙasa, amma tana iya riƙe ta haya da sunanta. Suka yi ta zuwa birni a ɓoye, har takarda ta fito da hatimi, shekara hamsin, da sunan Uinise, abin da za ta iya bar wa 'yarta. Dokinsa ya sayar ya biya kuɗin.

Hingano ya tuna. Shi ya bi sawun dokin nan har bakin kwalta, inda aka ɗora shi a mota, Sitani ya ce masa ya bari, ya tafi inda zai yi amfani.

Irin doyar kuwa, in ji ta, na ubanta ne, da shi aka kawo ta daga Ha'apai. Sitani ya ce in ta bana ta nuna ta kwashe manyan ta kai filin hayar, can bayan gonar kwakwa. Hingano ya ce ai gonar a hannunta take, ba sata ta yi ba, me ya hana ta faɗa tun jiya?

"In faɗa wa Kalolaine cewa ƙaninta ya yi shekara uku yana ɓoye mata abu? In gaya wa Maka yayansa bai amince masa da ni ba? Mutumin yana kwance, ba zai iya kare kansa ba. Ni ina da inda zan koma. Su karɓi gidan."

"Da sunan kin yi kwarto?"

Ta ci gaba da tsefe kaba.

"Lupe fa? A Auckland ma akwai 'yan garin nan, kuma da bakinsu suka tafi."

Ta roƙe shi ya ce sawun ya ɓace masa a kan duwatsu. Ya shanye shayinsa ya tashi. Har ya isa gida yana auna abu biyu: asirin abokinsa da ke ƙasa, da sunan matar da ke sama. Sai ya tuna abin da ya gani ƙarƙashin ganyen kwakwa, ya ce a ransa mutumin da ya yi wannan aikin ba don a fitar da matarsa da kunya ya yi shi ba.

*

Juma'a da yamma farfajiyar mai gari ta cika, har da waɗanda suka ce ciwon ƙafa ya hana su zuwa coci. Kalolaine na kan kujera, Maka a ƙasa gefenta. Semisi na can ƙarshe yana ƙoƙarin ɓoye ƙafafunsa. Uinise ta zauna ita kaɗai, an bar mata fili kewaye kamar mai ƙyanda.

Hingano ya miƙe. Ya ce ba Semisi ba ne, ƙafarsa ta yi yawa. Ya ce ba Maka ba ne, ko da yake ya yi kwana ɗaya yana zarginsa. Maka ya zabura, yayarsa ta taɓa shi da mafici ya koma. Ya ce ba Sitani ba ne, amma da hannunsa a ciki. Sauran kuwa ba ya faɗuwa a zaune, sai a tashi a bi shi.

Haka muka bi shi a layi kamar agwagi, Kalolaine na dafe da kafaɗar Maka. A maƙabarta ya nuna gurbin gwiwoyin da zanen tabarmar. Mata suka duba saƙar, suka juya suka duba ƙugun Uinise. Mu da muke saƙa ba ma buƙatar alƙali a wannan. Matar Maka ta buɗe baki, ta rufe, abin da ba a taɓa gani ba.

A bayan gonar kwakwa ya nuna doyar, sannan ya ce wa Maka ya ɗage ganyen da hannunsa. Ramukan shuka ne, a jere, tsofaffi, ruwan sama ya zagwanye bakinsu. Na farkon sun kai ƙugun mutum, bangonsu a miƙe, aikin da duk garin mutum ɗaya ne ya iya shi. Maka ya gane hannun kafin a gaya masa. Ya ci gaba da ɗagawa. A tsakiyar layi ramukan sun dawo gwiwa. Gaba kaɗan, ƙwauri. Na ƙarshe bai fi zurfin ƙwarya ba, dagin kuma na kwance a gefensa, ya yi tsatsa.

Kowa ya tuna watannin nan da Sitani ke cewa zai je shan iska, ya dawo yana haki, muna cewa ciwo ya taɓa masa hankali.

Uinise ta ciro takardar daga cikin rigarta ta miƙa wa mai gari. Ya karanta a fili.

"Ya ɗauka zan kore ki?" in ji Maka. "Ni? Uwa ɗaya ta haife mu."

"Cewa ya yi Maka mutumin kirki ne," Uinise ta ce, "amma Maka yana da 'ya'ya maza biyar da ba su da inda za su shuka ko gwaza. Ya ce kada mu bar shi ya zaɓa tsakanina da su."

Maka ya buɗe baki zai yi magana, Kalolaine ta riga shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wata takwas, Maka. Yashin kabarinsa bai gama zama ba, ka nemi motar Litinin. Ni kuma na ce a nemo mini ƙafa." Ta dubi ramin ƙarshen. "Ya san mu."

Ta saki kafaɗarsa, ta taka da kanta zuwa inda Uinise take. Matar da ba ta taɓa sunkuya wa kowa ba ta kama gefen tabarmar nan da ya yage, ta duba, ta ce a kawo mata gobe ta gyara. Ta ce Uinise za ta zauna a gidan ƙaninta har ranar da ita da kanta ta ga dama ta tashi, duk wanda ke son ƙidayar sawu a ƙofarta kuma ya fara zuwa ya ƙidaya nata.

Maka bai ce a yafe masa ba, ba su iya wannan ba a gidansu. Ya duƙa ya ɗauki dagin, ya goge tsatsar a jikin tabarmarsa, ya shiga ramin da ya tsaya a gwiwa ya fara haƙa. 'Ya'yansa suka kalli juna, suka tafi ɗauko nasu. Kafin rana ta faɗi sun bi layin sun zurfafa. Da Maka ya iso na ƙarshe ya ɗaga dagi, yayarsa ta ce, "Bar wannan."

Yana nan har yau. An kewaye shi da duwatsu, doya na yaɗo ta kowane gefe.

Da ake watsewa Hingano ya matso kusa da Uinise. Ta ƙi kallonsa. Ya ce mata in za ta ci gaba da sa takalmin, ta cusa tsumma a gaba, yana ja mata ƙasa. Ta ce masa tsohon banza mai tonon asiri. Washegari aka aiko masa da lu mai zafi, naman da ake dafawa a naɗe cikin ganye, ba a faɗi daga ina ba, shi kuwa bai buƙaci a faɗa ba, ya duba ƙofa.

*

Shekara ta cika, aka cire baƙi. Maka da 'ya'yansa suka kafa mata ɗaki biyu a filin hayar, don Lupe in ta zo da yara. Uinise ba ta ce za ta koma can ba, ba ta ce ba za ta koma ba. Yanzu dai in ta bar gidan Sitani, da ƙafarta za ta fita, kuma ta san inda za ta.

Wata Asabar da hantsi Hingano ya biyo ta ƙofar gidan yana neman aladen fasto. Ya ga faffaɗan sawun nan na Semisi ya zo ƙyaure, ya tsaya, ya yi dabur-dabur ɗinsa kamar kullum. Amma yau cikin takalmin Lahadi yake, wanda ke matse shi, kuma bai juya ba. Daga ciki ga wani ƙaramin sawu ya fito ya tarye shi, ya buɗe.

Hingano ya duba gabas, ya duba yamma. Ya tsinci ganyen kwakwa a gefen hanya, ya ja shi a bayansa yana share sawun har ƙarshen shingen, ya yar, ya ci gaba da neman aladensa.

Ni dai ina bayan tanki ina shanya, kuma ban gaya wa kowa ba sai da aka sa rana.